Bokitin Fenti a Gidan Tururuwa

Ranar wata Laraba, a ƙarshen kakar 1984, aka fito da mu daga aji tun da hantsi aka jera mu a bakin hanya, wai kumandan zai zo daga Mayahi ya duba lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu. Lokacin mulkin soja ne, idan aka ce kumandan na tafe har awaki sai sun gyara tsayuwa. Kwana biyu kafin nan an aiko da farin fenti cikin wani ƙaton bokitin ƙarfe mai murfi, aka shafe bangon da ke kallon hanya, sauran ukun kuwa aka bar su da launin da Allah ya ba su, tunda ba a sa ran baƙo zai zagaya baya. Muna tsaye muna tafi tun babu wanda za a yi wa tafin, sai aka ji ƙugin mota daga nesa. Mushe, malaminmu, ya waiwaya ya ga bokitin nan zaune a tsakiyar fili, fenti ya dalalo masa kamar majinar yaro. Ya damƙo kunnena don ni na fi kusa, ya ce, “Isufu, maza, maza! Ɓoye wannan abu kada a gan shi!” Ni kuwa yaro ne mai bin umarni. Na ɓoye shi. Har aka yi wa Mushe canji zuwa wani gari bai sake ganin bokitin ba.

Shekarata goma sha ɗaya lokacin, kuma ban taɓa mallakar abin da ya wuce ɗankon harbi da wando ɗaya ba. Bokitin ya kai mini gwiwa, ƙanwata Zali takan shiga ciki ta zauna sai kanta kaɗai ake gani, murfinsa kuma in ka danna shi sai ka sa wuƙa kafin ya buɗu. Matsalar ita ce ba abin da zan iya yi da shi a fili. In na kai shi rijiya, za a ce na lakwal ne. In na kai shi gida, Baba zai tambaya, kuma Baba ba ya tambaya sau biyu. Saboda haka kullum sai na sake masa maɓoya, har wata rana Lawali, abokina kuma babban abokin gabana, ya biyo sawuna ya tono shi a bayan rumbun liman. Muka yi kokawa, muka ci ƙasa, muka huta, sannan muka ga ashe neman ya fi bokitin kansa daɗi. Daga nan wasan ya samo asali.

Muka raba yaran gari biyu, ƴan gabas ina jagora, ƴan yamma Lawali. Ɓangare ɗaya ya ɓoye, ɗaya ya nema. Wanda ya ɓoye dole ya zana taswira a kan ardowaz, allon nan na lakwal, yadda Mushe ya koya mana: rijiya da’ira ce, bishiya sanda mai kai, sai a rubuta yawan taku. A cikin bokitin akwai dukiyarmu duka: ƙwallon goruba, murafun kwalba, bik da ya daina rubutu, gilashin tabarau rabi, haƙorin jaki. Wanda ya gano yana da ikon ɗaukar abu ɗaya, amma sai ya saka wani a madadinsa, ya kuma rubuta sunansa a wata takardar kaye, littafin rubutu na lakwal, da ke ciki. Doka ta ƙarshe, ba a faɗa wa manya. Wannan dokar ce kaɗai ba a taɓa karyawa ba, don duk wanda ya faɗa shi za a fara duka.

Abu mai girma haka ba ya ɓoyuwa a rami kawai, sai an mai da shi wani abu dabam. Lawali ya taɓa shafe shi da laka ya kifa shi a cikin jerin akurkin kajin gwaggonsa, muka yi kwana biyu muna wucewa ta gabansa, sai da na lura akurki ɗaya ba shi da ƙofa kuma kaji na kallonsa da mamaki. Ni na rama: na naɗe shi da zana, na shafe da kashin shanu, na rataye shi a reshen gawo ya zama amyar zuma sak. Ƴan yamma suka tsaya nesa suna tsoron harbi, alhali a shekarar ko ƙudan zuma sun yi ƙaura. Da Lawali ya gane, ya hau da gudu don fushi, sai ya tarar rina sun riga shi kama ɗaki a gindin reshen. Ya sauko da leɓe kamar na raƙumi, kwana uku yana karatun faransanci ba wanda ke gane abin da yake faɗa, har Mushe ya ce lafazinsa ya gyaru.

Amma gwanintata ta gaske ita ce gidan tururuwa. Duk yaron ƙauye ya san shi: fili ne tas, zagayayye, babu ko ciyawa ɗaya, rami a tsakiya, ƙaiƙayi ya zagaye shi, ga ƴan hanyoyi sun fita ta ko’ina. Ba mai zama a wurin, ba mai tsayawa, don cizon tururuwa a tsakanin yatsun ƙafa yakan sa mutum ya tuna sunan kakansa na bakwai. Na binne bokitin har murfi, na rufe da rairayi taƙi ɗaya, na share wurin da tafin hannu, na zuba ƙaiƙayi a kewaye, na ja hanyoyi da tsinke, na huda rami da yatsa. Sannan na barbaɗa ƴar dusa, na kwaso tururuwa na gaske a cikin gwangwani na zube su a kai, bayan sun karɓi ladarsu a hannuna. Kwana tara ƴan yamma suna yawo da ardowaz. Lawali da kansa ya yi tsalle ya ƙetare bokitin sau biyu yana kakkaɓe ƙafa. A rana ta goma suka sallama, ni kuwa na yi ta yawo a gari ina tafiya kamar kumandan.

Duk wannan muna yinsa ne da ciki rabi. Daminar shekarar ta yi ruwa kaɗan ta ɗauke, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, abin da muka samu a gonarmu bai cika kusurwar rumbu ba. Kafin sanyi ya wuce, tuwon dare ya koma kunu, kunun ya yi ta tsinkewa har kana iya ganin fuskarka a ciki ka gyara hula. Mata suka shiga daji ɗebo anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki ana zubar da ruwa kafin su ciwu, da ganyen jiga. Maza suka yi kudu neman aiki, Baba ma ya tafi ya dawo da abin da bai kai ba. Fulanin da ke zaune a gefen garinmu shanunsu suka yi ta faɗuwa. Akwai Hajjo, wadda shekara da shekaru take kawo wa kakata nono suna tsokanar juna a bakin ƙofa. Mijinta ya kora ragowar shanu ya yi kudu, ya bar ta da yara uku a bukka, ƙwaryar nononta kuwa ta kife ta ke nan.

Kakata, uwar Baba, ita ce mai ajiyar iri a gidanmu. Duk lokacin girbi takan bi dami tana zaɓar zangarniya mafi tsawo da cika, kuma ko a wannan mugunyar shekara sai da ta tsince tiya shida. Irin gidanmu ne tun na mijinta, mai nuna da wuri. Baba ya riga ya ba da nasa an daka lokacin da Zali ta yi ciwo, ban kuma ga laifinsa ba, don na sha kunun. Wata ranar kasuwar Kanan-Bakashe, gari ya watse, sai Kaka ta kira ni ɗakinta da sunan da take tsokanata da shi. Ta ce, “Maigida, zo nan, mijin banza da ko goro bai taɓa saya mini ba. Ina bokitin nan naka da ka sato?” Na fara rantsuwa, ta ce in rufe baki, ita ba makauniya ba ce. Ta gauraya irin da toka saboda ƙwari, ta ƙulle a tsohon zanenta baƙi mai ratsin ja, ta tura mini. Abin da ta faɗa ban manta ba: “Ba daga ɓarawo nake ɓoye shi ba. Daga ubanka ne, da uwarka, da ni kaina. Ranar da Zali za ta yi kukan yunwa a gabana, zan kwance shi. Kada ka faɗa mini inda yake, ko na yi maka kuka, sai ranar da ruwa ya sauka.”

Ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Da rana tsaka, lokacin da ko kare ba ya fita, na zube dukiyar wasanmu a kogon kuka, na sa ƙullin a bokiti, na danne murfin da dutse, na ɗora a kan jaki na rufe da kara. Na wuce gonakin gari na je wani fako kusa da wata aduwa mai reshe biyu. Ba sai na yi dogon tunani ba, tunda ina da dabarar da ta ci ƴan yamma kwana tara. Na gina gidan tururuwa mafi kyau da aka taɓa gani tsakanin Tasawa da Mayahi. Ƙaiƙayi na zaɓa, hanyoyi bakwai na ja, har da wata ƴar kwana don ado. Na tabbata da sarauniyar tururuwa ta gan shi da ta kore mijinta ta tare a ciki. Na gaya wa Lawali cewa Mushe ya ƙwace bokitin, wasa ya mutu, kowace Juma’a kuma in bi ta wurin da sunan kiwon jaki in gyara ƙaiƙayin da iska ta kwashe.

Abin da ban sani ba, don yunwar da ta gabata ina goye aka yi ta, shi ne abin da mata ke yi idan anza ma ta ƙare. Wata safiya cikin bazara na ga mata sun fita da galma da faifai da ƙwarya, na tambayi Inna, uwata, ina za su ba ruwa ba shuka. Ta ce tonon gidan tururuwa. Ashe tururuwa na tara ƙwayar ciyawa da ta hatsi a ɗakunansu na ƙasa, kuma idan wuya ta kai wuya mutane kan bi su gida su ƙwace, a sheƙe a yi kunu. Wato a duk faɗin dajin nan, a duk abubuwan da Allah ya halitta, na zaɓi in mai da irin Kaka abu ɗaya tilo da kowace mace ke nema da galma a hannu. Kuma na yi masa ado don kada ta wuce ba ta gani ba.

Na haye jaki, amma ban san lokacin da na bar shi ba, na tabbata na riga shi gudu. Na isa gindin aduwa na tarar da rami, zagayayye, gwanin kyau, daidai girman bokiti, ba komai a ciki sai wata tururuwa ɗaya tana zagayawa, ita ma kamar tana neman bayani. Sawu kuwa iska ta share. Na tona gefe, na tona gaba, na je wata aduwar na tona ko na yi ɓatan kai, na dawo na zauna a bakin ramin na yi kuka har da majina.

Daga ranar na zama wani yaro dabam, har Mushe ya taɓa goshina ya ji ko zazzaɓi ne. Na shiga bin gidaje ina shaƙar iska ko zan ji ƙamshin hatsi, ina leƙa turmin kowa, duk yaron da na ga kumatunsa sun ɗan ciko sai in bi shi da harara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kaka. Sau biyu Zali ta yi irin kukan da ta faɗa, sau biyu Kaka ta kalle ni, ni kuma in sunkuyar da kai. Ita tana ganin jarumta ce da riƙon amana, har takan ɗebi kununta ta ƙara mini tana cewa, “Sha, Maigida, ka yi aikin maza.” Kunun nan da ƙyar yake wucewa. Na shirya faɗa mata ya fi sau ɗari, kullum sai in ce gobe.

Ruwa ya sauka wata ranar Asabar da la’asar, irin wanda ke zuwa da iska ja sannan ya zube gaba ɗaya. Muka fita tsirara muna ihu, tsofaffi na kuka suna dariya, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Ni kaɗai ne a duk ƙasar nake roƙon hadarin ya wuce. Washegari da sassafe Baba ya tona ƙasa da hannu ya ga laima ta kai, ya ɗauko sungumi ya zauna da shi a tsakar gida yana kallonsa, don ba abin da zai zuba a ramin. An ce za a kawo irin taimako, amma ba wanda ya san ranar, laima kuwa kwana biyu ce. Sai Kaka ta fito tana ɗaura ɗankwali, fuskarta na haske, ta ce, “Tashi ka sara rami, akwai iri. Maigida, je ka ɗauko.”

Na faɗa a tsaye, duka, da ƙaiƙayin da hanyoyi bakwai ɗin. Na yi zaton Baba zai kashe ni, na ma fi son haka. Bai motsa ba. Kaka ta ce, “Gidan tururuwa?” Na ce e. Ta ce, “A shekarar yunwa?” Sannan ta nemi turmi ta zauna a kai, ta ɗora hannuwa biyu a gwiwa. Ban taɓa ganin ta tsufa ba sai a lokacin.

Muna nan a haka aka yi sallama. Hajjo ce, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu, tana tafe a miƙe yadda take tafiya da ƙwaryar nono, amma abin da ke kanta fari ne, na ƙarfe, mai dalalar fenti. Ta sauke shi a gaban Kaka ta ce, “Inna, ga nononki na yau, ya ɗan yi tsami.” Ni na yi wani ihu da ya sa kaji suka haye danga. Kaka ta ɓalle murfin da wuƙa, ga baƙin zane mai ratsin ja, ƙulli yadda ta ƙulla. Hajjo ta ce ita ta tono shi, kuma tun kafin ta sara ta yi mamakin tururuwar da ke jan hanya da kwana. Da ta ga zanen ta san mai shi, da ta ga toka ta san iri ne. Baba ya ce, “To, Hajjo, don me ba ki kawo tun lokacin ba?” Ta ce, “Kai, Bahaushe! Da a gida ake son shi, da an kai shi daji? In na kawo ku cinye, in na faɗa ku zo ku karɓa.” Sannan ta ce a hankali, tana kallon Kaka, “Ƙarƙashin gadona yake, yara na kwance a kai. Sau uku na buɗe shi, Inna. Sau uku na rufe.”

Kaka ba ta yi godiya da baki ba. Ta sa aka kawo ƙwarya, ta auna tiya biyu ta tura gaban Hajjo, ta ce wa Baba gefen gonarmu na yamma daga yau na Hajjo ne. Hajjo ta ce ita ba ta taɓa riƙe sungumi ba, Kaka ta nuna ni ta ce ga mijinta na banza nan zai sara mata, tunda ya iya tona. Ranar na sara rami har tafin hannuna ya fashe, Hajjo da ƴaƴanta na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige, layinsu a karkace kamar sawun maciji. Lawali ya zo ya tsaya a bakin gona ya ce ashe ƙarya na yi masa, sannan ya karɓi sungumin don in huta. Da kaka ta yi, hatsin nan ya fi Baba tsawo a duka gefen biyu.

Yanzu shekarata goma sha bakwai, ina koleji a Tasawa, ina zaune a gidan wani ɗan’uwan Baba inda ake sayo hatsi da tiya a kasuwa, ba mai tambayar daga wace gona ya fito. Bokitan roba sun cika gari, ja da shuɗi, ba yaron da zai yi kokawa a kansu. Kaka ta rasu bara waccan, ba wanda ke ce mini Maigida. Mijin Hajjo ya dawo da shanu biyu, amma har yau tana noma gefen yamma, kuma tun rasuwar Kaka ita ke bin dami tana zaɓar zangarniya, namu da nata. Bokitin yana bukkarta, fentin ya kusa gogewa. Duk hutun da na je sai na ce ta ba ni in ɓoye mata shi, ita kuma ta ce in fara gaya mata da wace dabba zan mai da shi. Ni na iya ɓoye abu daga idon mutane, Hajjo kuwa ta ɓoye shi daga cikinta.